Layin Farko da Ta Bar Mini

Jiya aka yi sadakar arba'in ta mahaifiyata. An naɗe tabarmi, an mayar wa maƙwabta kujerunsu, gidan ya yi shiru. Ni ba mai yawan rubutu ba ce. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, sai na Islamiyya da na ƙara bayan aure. Amma akwai abu ɗaya da nake so in ajiye a takarda tun ina tuna shi daidai, domin jikokinta sun san ta ne tana tsohuwa mai carbi, ba su san ta da biro a hannu ba.

Tun da na yi wayo har ranar da ta koma ga Mahaliccinta, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ni ce 'yar farinta. A zamaninsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in an tambaye ta shi ma sai ta kau da kai. Na san da wannan kunya tun ina ƙarama, domin na ga matan ƙauye suna yi. Sai dai su ba su yi boko ba. Ita kuwa ta yi makaranta, tana jin Turanci, tana zama a gaban maza masu furfura ta ba su umarni. Sai na ƙulla a raina cewa macen da ta iya duk wannan, da tana so, da ta iya kiran sunana. Abin da ya dame ni ina yarinya ke nan: shin tana lissafa ni cikin 'ya'yanta, ko ba ta yi?

Da aka yaye ni an kai ni wurin kakata ta wajen uwa, a wani ƙauye bayan Kumbotso. Ita nake kira Inna. Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Takan zo ƙarshen wata da sabulu da atamfa da takalmin roba, ta miƙa wa Inna ta ce, "Ga na yarinyar nan." Ba ta kallon inda nake. Inna sai ta yi dariya ta ce, "Ƙawata, zo ki karɓa, gwamnati ta tuna da ke."

Ina shekara goma Inna ta rasu, aka dawo da ni birni, gidan ma'aikata da ke kusa da Bompai. A farkon shekarun tamanin ne. Mahaifinmu malamin firamare ne, mutum mai sanyin hali, ba ya shiga abin da ba a sa shi ba. Na tarar da ƙanne biyu mata, bayan zuwana kuma aka haifi namiji. Su Umma suke ce mata. Suna hawa jikinta, suna jan ɗankwalinta, tana korar su tana dariya. In abinci ya sauka sai ta kira su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, in ta zo kaina ta ce, "Ke, zo ki ɗauka."

Ita ce shugabar sashen da ke kula da harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikatan kamfanoni. Masana'antun Bompai da Sharada da Challawa duk ta kan teburinta takardunsu suke bi. Da asuba takan kunna risho, ta dama koko, ta yi wa ƙananan wanka, ta tsefe wa wannan kai, ta nemo wa waccan safa. Na sha ganinta zaune a bakin gado, jariri na shan nono, fayil a buɗe kan gwiwarta, tana karantawa tana jijjiga shi. Bakwai da rabi motar ofis ta yi oda a ƙofa, ta yafa mayafi ta fita. Da rana wata dattijuwa mai raino ce take kai mata jaririn ofis ya sha, ta dawo da shi.

Wani hutun makaranta 'yar mai rainon ta haihu a garinsu, ta tafi zaman jego. Yaya ta ce wa mahaifinmu, ina tsaye a wurin, "Yarinyar nan za ta riƙa bina tana riƙe mini shi." Haka na fara zuwa ofis da goyo a bayana.

Ofishin dogon ɗaki ne mai fanka uku, cike da ƙarar tafireta da warin tsofaffin takardu. Daga taga ana hango manyan motoci jere a bakin ɗakunan ajiya, in iska ta juyo kuma sai ƙamshin kamfanin alewa ya shigo. In ta shiga kowa ya miƙe. Ɗakinta yana ƙarshe, ta sa an jawo wata doguwar kabad an rataya labule a bayanta, an shimfiɗa tabarma. Nan nake zama da yaron, nan take shigowa ta ba shi nono, wani lokaci tana amsa wa akawu tambaya ta bayan labulen.

Babban akawunta dattijo ne mai jar hula, bakinsa ba ya rabuwa da goro, ya kusa haifuwarta. Ranar farko da ya gan ni ya ce, "Hajiya, wannan sabuwar ma'aikaciyar fa? A wane mataki aka ɗauke ta?"

"'Yar wajen tsohuwata ce," in ji ta, idonta a kan takarda.

"To," ya ce. Ya dube ni, ya dube ta. "Tsohuwar taku kuwa ta iya zaɓe. Har hancin iri ɗaya."

"Malam, ina fayil ɗin Sharada da na ce a kawo?"

Ya fita yana dariya. Ni ban yi dariya ba.

Farkon kowace shekara duk mai albashi yakan cika wani fom, ya rubuta sunayen 'ya'yansa da shekarunsu. Gwamnati tana rage wa mutum haraji a kan kowane ɗa da yake ɗawainiya da shi. Lokacin cika wannan fom ne, sun taru a ofishin ɗauri-ɗauri, an ɗaure kowanne da zare. Wata rana an kira Yaya taro, yaron ya yi barci, na fito ina zagaye. A gefen teburinta na ga wani fom shi kaɗai, da sunanta a sama. Na iya karatu. Na bi da yatsa har wurin 'ya'ya. Na ga sunan ƙanwata mai bi mini, na ga na mai bi mata, na ga na jaririn da ke barci a bayan labule, wanda ko zama bai fara ba. Nawa babu.

Na koma bayan labule na zauna. Ban yi kuka ba, don kada in tashi yaron. Da rana ta sayo mana shinkafa da wake, na ce cikina yana ciwo. Abin da na riƙa faɗa wa kaina shi ne, baki yana iya jin kunya, amma wannan takardar gwamnati ce, ba wanda yake jin ta. Ta rubuta abin da ke ranta ne.

Kwana biyu bayan haka na ji ta kira babban akawu, ta baza masa fom ɗin wani kamfanin jimar fata na Challawa.

"Malam, duba nan. Wannan mutumin shekararsa talatin da takwas, babban ɗansa shekara shida. Wannan arba'in, babbar 'yarsa bakwai. Ga wani, ga wani. Mutanen karkara ne fa. Yaushe suka fara jinkirin aure haka?"

"Akawun kamfanin ya ce abin da suka faɗa masa ya rubuta, ranki ya daɗe."

"Na yarda abin da suka faɗa ya rubuta. Abin da ba su faɗa ba nake nema. A gaya wa direba, gobe Challawa za mu."

"Ku da kanku? Hajiya, warin wurin nan sai ya bi mutum har kabarinsa."

"Su da suke wuni a ciki fa?"

Washegari muka tafi, ita da babban akawu da ni da goyona. Tun kafin mu kai ƙofar kamfanin warin fata ya cika motar, na toshe hanci da bakin zane. Mun isa daf da canjin aiki na rana. Kekuna jingine a bango ba iyaka. Manajan ya fito da fuska a ɗaure, suka yi magana da Turanci, ban ji abin da suka ce ba, na dai ga ita ba ta ɗaga murya ba, shi kuma daga ƙarshe ya sa an fito da tebur da kujeru biyu ƙarƙashin wata rumfar kwano. Jiniya ta yi kuka, ma'aikatan safe suka fito da dogayen takalman roba, hannayensu sun rine. Aka ce su yi layi. Suka tsaya cirko-cirko, kowa yana zaton ƙarin haraji aka zo yi.

Na farko wani dogon mutum ne mai tsage a kumatu, daga wajen Gumel. Ya cire hula, ya rusuna.

"Sannunku da aiki, Malam," in ji Yaya. "'Ya'ya nawa Allah ya ba ku?"

"Uku, ranki ya daɗe."

Wani gajere da ke bayansa ya tuntsire da dariya. "Uku wai! Hajiya, ƙarya yake, ni na ci tuwon sunan. Huɗu ne."

Dogon ya juya ya harare shi. "Kai wa ya tambaye ka? Baki kamar ƙofar kamfani."

"To faɗi mana! Ƙato da kai, kana ɗaga fatar bijimi kai kaɗai, sunan yaro ya gagare ka."

Layin ya ɗauki dariya. Yaya ba ta yi ba. Ta rage murya ta ce, "Malam, akwai babba?"

Mutumin ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Can ya ce, "Akwai dai wani yaro can gida, wajen tsoho."

"Yana makaranta?"

"Ana dai cewa yana zuwa."

"Shi ke nan, kada ku faɗi komai. Ku ɗan matsa gefe." Ta yafito gajeren. "Kai mai cin tuwon suna, matso. Yaya sunansa?"

Gajeren ya faɗa da ƙarfi, har da sunan kakan da yaron ya ci. Dogon ya juya baya yana kallon bango kamar ba da shi ake ba. Babban akawu ya rubuta. Sai Yaya ta ce wa gajeren, "Kai kuma nawa ne naka?"

"Biyu, Hajiya."

Dogon ya juyo da sauri. "Uku ne! Wallahi uku ne, mace ce babbar, har ta fara talla!"

Wannan karon har Yaya sai da ta rufe baki da mayafi.

Ta miƙe tsaye ta yi musu bayani da Hausa a fili. Ta ce duk ɗan da ba a rubuta ba, ana cire wa ubansa harajin da bai kamata a cire ba, wata bayan wata. Ta ce ba ta zo raba kowa da kunyarsa ba. Kowa ya nemo abokinsa ko ɗan garinsu su zo bibbiyu, wannan ya faɗi na wancan, wancan ya faɗi na wannan. Nan take layin ya watse ya sake haɗuwa, ana jan hannun juna, ana tsokana. Wani ɗan Damagaram bai da kowa a wannan rukunin, sai da aka shiga ciki aka kirawo masa wani daga masu aikin yamma.

Mun fi awa uku a rumfar nan. Sau biyu yaron ya yi kuka, ta karɓe shi ta shiga mota ta ba shi nono, ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ni ina zaune a kan wani bulo, ina kallon manyan mutane, masu gemu, suna kallon ƙasa ana faɗin sunayen 'ya'yansu. Na lura da abu ɗaya. Duk wanda aka faɗi nasa, in ya juya zai tafi, fuskarsa a sake take. Dogon nan ma sai da ya dawo ya leƙa takardar, ko da yake ban yi zaton ya iya karatu ba, ya tambayi akawu a hankali, "An sa shi?" Aka ce an sa. Ya ce, "To, madalla."

A hanyar dawowa duk mun gaji. Mun wuce Sharada, masu kekuna sun cika titi, sai babban akawu ya gyara zama a gaba, ya ɓare goro, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Hajiya, ni fa nake haɗa fom ɗin ma'aikatan ofishinmu."

"Na sani."

"Akwai wani da na gani, uku aka rubuta. Bana uku, kafin nan shekara da shekaru biyu-biyu. Na ce ko ita ma mai fom ɗin a nemo mata 'yar garinsu?"

Direba ya yi tari. Yaya ta juya tana kallon waje.

"Malam, goron nan yana sa ku surutu."

"Haka iyalina ma suke cewa, ranki ya daɗe."

Muka isa ofis. An tashi daga aiki, ofishin ba kowa sai mai shara. Ta shiga ɗakinta na bi ta, ina jiran ta ɗauki jakarta mu tafi gida. Sai ta jawo fom ɗin nan, ta ajiye shi a bakin tebur ta wajena, ta ɗora biro a kai. Ta kwance yaron daga bayana ta rungume shi, ta je ta tsaya a taga ta ba ni baya.

"Ke," ta ce. "Akwai layin da ba a cika ba a nan. Hannuna ya gaji."

Na duba. Wurin 'ya'ya layi-layi ne, kowanne da lambarsa. Sunan ƙanwata yana kan lamba ta biyu. Mai bi mata ta uku. Jaririn na huɗu. Layin farko a buɗe yake, ba komai a kansa. Ranar da na fara gani, sunaye kawai na bi da yatsa, ban kula da lambobin ba.

Na ɗauki biron. Na rubuta sunana da manyan baƙaƙe yadda aka koya mana a makaranta, ya ɗan karkace ya hau kan layin ƙasa. A wurin shekaru na tsaya, domin ban tabbata ba ko sha ɗaya ne ko sha biyu.

"Sha ɗaya da wata huɗu," in ji ta daga taga. Ba ta juyo ba. "Ranar Talata ce, bayan la'asar, ana ruwa."

Na rubuta sha ɗaya. Ta zo ta ɗauki takardar ba ta karanta ba, ta sa hannu a ƙasa, ta jefa ta cikin tiren babban akawu. Ta ce, "Ɗauko zanen goyon mu tafi, an bar yara da yunwa." A mota na ce ina jin yunwa ni ma. Ta sa direba ya tsaya ta saya mini gurasa.

Sauran hutun nan kusan kullum muna hanya, yau masaƙa a Sharada, gobe wani kamfani a Bompai, jibi mu koma Challawa. Daga baya ba sai ta je ba, akawunan kamfanonin da kansu suka koyi cewa a zo bibbiyu. Ban san ko an taɓa rubuta wannan a wata doka ta ofis ba. Na dai san an daɗe ana yi.

Daga wannan shekarar, duk lokacin cika fom sai in tarar da nata a kan akwatina da biro a kai, an cika komai sai layin farko. In rubuta, in mayar kan teburin ɗakinta. Ba mu taɓa yin maganar ba. Haka muka yi har aka yi mini aure. Mahaifinmu ne ya gaya mini, shekaru bayan haka, cewa tun ina jaririya take barin layin nan, kuma ta fi kowa sanin abin da ake cire mata saboda shi. Ya ce ya taɓa cewa ta kawo ya rubuta mata, ta ce shi ma ai 'yar farinsa ce, ina shi ina rubutawa.

Ta ci gaba da aiki, aka yi mata ƙarin girma sau biyu, ta haifi wasu biyu, ta yi ritaya. Ban ce komai ya tafi daidai ba. Akwai ranar rabon sakamako da ba ta zo ba, akwai zazzaɓin da mai raino ce ta yi jinyarsa. Ƙannena suna da nasu ƙorafin, ni ma ina da nawa. Da na haifi tawa 'yar farin, sai na riƙa kiran sunanta a gaban kowa, ina ɗaga ta sama. Yaya takan girgiza kai ta ce wa mahaifinmu, "Ka ga 'yan zamani, ko kunya babu." Amma ita ce take karɓar yarinyar ta yi ta kiran sunanta har ta gaji.

Ciwonta na ƙarshe wata biyar ya yi, a ɗakina ta yi shi, ita ta zaɓi haka. Ƙannena suna zuwa suna tafiya, tana kiran kowa da sunansa. Ni kuwa har ranar ƙarshe, "Ke, ɗaga ni." "Ke, ba ni ruwa." Wata ƙanwata ta taɓa cewa, "Umma, don Allah ki faɗi sunanta sau ɗaya mana, mu ji." Ta rufe ido kamar barci ya ɗauke ta. Na ce a ƙyale ta. Da gaske nake, ban ji ina bukata ba.

Ranar uku, cikin masu ta'aziyya, aka ce wani tsoho yana sallama da ni a waje. Dogo ne ya ranƙwafa, da tsage a kumatu, wani magidanci mai furfura a gemu yana riƙe da hannunsa. Ya ce a rediyo ya ji sanarwa, ya ce lallai sai an kawo shi. Ya ce ya yi aiki a kamfanin jima a Challawa, Hajiya ta taɓa zuwa musu. Ban tabbata ko shi ne na farkon layin nan ba, ban kuma tambaya ba. Ya yi mata addu'a mai tsawo, muka shafa.

Na dubi magidancin na ce, "Baba, wannan ɗanku ne?"

Tsohon ya kau da kai yana kallon bango. "Wani yaro ne dai na gidanmu," ya ce.

Magidancin ya yi murmushi, ya gaya mini sunansa da kansa. Ni ma na gaya masa nawa.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ta huta.